Kada ka mayar da 1 ta koma 2 tukuna

Tambayar da aka aiko: "Malam, a wurin aikinmu muna riƙe da reshen GCC namu, tare da gwaje-gwajen da muka rubuta a kan salon na gcc.dg/vect. Mun tashi daga GCC 13 zuwa 14, sai gwaje-gwaje da dama suka faɗi. Da na duba, babu abin da ya lalace: inda gwaji ke jiran a mayar da madauki ɗaya bekta, yanzu biyu ake mayarwa. In bi su in gyara lambar in huta? Kuma yaya za mu yi kada kowace shekara mu dawo kan wannan?"

Ɗan'uwa, dakata da lambar nan. Na san abin da ke ranka, layi ɗaya na sed, shirin nan mai sauya rubutu a fayiloli da yawa a tare, ya isa ya wanke allon tas kafin la'asar. Sai dai waɗannan da suka faɗi alheri suka yi maka, su ne suka buɗe baki suka yi magana. Waɗanda nake tsoro su ne maƙwabtansu da suka yi tsit suna nuna PASS, alhali sun daɗe da daina gwada komai.

Abin da ya same ka ya sami masu GCC ɗin su kansu, wato masu kamfailar, manhajar da ke fassara shiri zuwa harshen inji. Yawancin gwajin da ke gcc.dg/vect ƙira ɗaya ce: madauki na farko ya cika jeri, na biyu shi ake gwadawa, na uku ya bi sakamakon ɗaya bayan ɗaya, in ya ga saɓani ya kira `abort`. Can ƙasa kuma sai layin DejaGnu, manhajar da ke gudanar da gwaje-gwajen, da ke leƙa rahoton da kamfaila ta rubuta:

```
for (i = 0; i < N; i++)
  a[i] = b[i] + c[i];

for (i = 0; i < N; i++)
  if (a[i] != b[i] + c[i])
    abort ();

/* { dg-final { scan-tree-dump-times "vectorized 1 loops" 1 "vect" } } */
```

Tun da aka shigo da ɗaurin bekta, wato sa madauki ya sarrafa gurabe da yawa a tare da umarni ɗaya, a GCC 4.0 a 2005, aikin mutanen IBM na Haifa, madaukin dubawa yana zaune lafiya. Ba wani ya tsare shi ba, kamfailar ce ba ta iya madauki mai ƙofar fita biyu ba, `abort` kuwa ƙofa ce ta biyu. Masu rubuta gwaji suka jingina da wannan gazawa kamar katanga, har aka manta cewa gazawa ce. GCC 14, da ta fito a watan Mayun 2024, ta koyi ɗaure madauki mai fita da wuri. Katanga ta tashi, rahoto ya koma cewa 2, gwajinka ya faɗi.

To, in ka rubuta 2 a wurin, me ka amince da shi? Ka amince alƙali ya bi ta cikin injin da ake tuhuma. Wanda ya taɓa sayen gero a hannun mai mudun da aka daki gindinsa ya san maganar: in da wannan mudun ka sake aunawa a gida, har abada cikakke za ka gani. A ce akwai aibi a yadda kamfaila ke haɗa `b[i] + c[i]` a bekta, misali tana birkita tsarin gurabe. Madauki na biyu zai rubuta amsar banza, na uku ya lissafo irin wannan banzar ta hanya guda, su yi daidai, gwaji ya wuce. Ko kuma aibin yana cikin sabon aikin fita da wurin, ya hana a kai ga `abort` gaba ɗaya. Ko ta ina, an ba kura ajiyar nama.

Maganin da suka yi a GCC shi ne `#pragma GCC novector`. Masu aikin a kamfanin Arm, Tamar Christina na gaba a cikinsu, sun shigo da ita a 2023 kafin sabon aikin ya sauka, suka bi fayiloli masu ɗimbin yawa suna ɗora ta a kan madaukan dubawa. Kai ma haka za ka yi: ka sa ta daf da saman madaukin, in kuma madauki ne a cikin madauki, na ciki ma yana bukatar tasa. Idan har yanzu kuna gina wasu abubuwa da GCC 13 da ba ta san ta ba, tsohuwar dabara tana nan, a sa `asm volatile ("" ::: "memory")` a cikin jikin madaukin. A kamfailar Clang kuwa `#pragma clang loop vectorize(disable)`. Madaukin cika jeri ma ka yi masa haka, don shi ma yana iya shiga ƙirga. Bayan nan lambarka za ta koma 1 da kanta. Wanda bai koma ba, shi ne za ka zauna ka karanta da kyau.

Rabi na biyu na tambayarka ya fi nauyi. Ba za ka hana kamfaila ƙara wayo ba, kuma wannan ba shi ne karo na farko ba. A GCC 10 aka fara, ko ba a nema ba, ɗaure wutsiyar madauki, wato ragowar da ba ta cika bekta ɗaya ba, da ƙaramar bekta. Saƙonnin rahoto suka fara fitowa sau biyu, gwaje-gwaje da yawa suka sami `--param vect-epilogues-nomask=0`, kana iya ganinta a samansu har yau. A GCC 12, a 2022, aka kunna ɗaurin bekta a `-O2` da lissafin riba mai tsauri, wato auna ko ɗaurin zai ƙara sauri, sai ƙurar ta tashi a inda ba a zata ba: gwajin gargaɗi da gwajin umarnin inji da ba ruwansu da bekta. GCC 15, a 2025, ta faɗaɗa fita da wuri zuwa jerin da ba a san tsawonsa ba. Kowane karo, gwajin da ya fi shan wuya shi ne mai ƙirga kalmomi a rahoton fayil guda.

Rahoton nan ba alkawari ba ne, littafin zayyanar kamfaila ne. Tana gwada madauki ɗaya da faɗin bekta iri-iri, kowane gwadawa ta sake rubuta abin da ta gani. Tana iya rubuta cewa ta gane wani tsari, can gaba ta fasa ɗaurin baki ɗaya, gwajin da ke neman kalmar ganewa kawai ya wuce abinsa. Ni dai abin da nake yi, madaukin da ake gwadawa ina ware shi a aikinsa shi kaɗai, in sa masa `__attribute__((noipa))`, in manna abin da nake tsammani a layinsa. GCC na da `dg-optimized` da `dg-missed` don wannan, suna aiki da `-fopt-info-vec`. Ta haka gwajin yana cewa "wannan madaukin na wannan layin", ba "wani madauki a fayil ɗin nan" ba. Ƙirga ɗaya na iya zama daidai alhali wanda kake so ya kuɓuce, wani daban ya maye gurbinsa. Kuma inda ba adadin ne abin gwadawa ba, `scan-tree-dump` ta fi `scan-tree-dump-times` zaman lafiya.

Yanzu ga masu shirun.

Wannan ya faru da ni a wani wuri da na yi aiki. Muna da gwajin haɗa bayit-bayit na hoto, ya fi shekara yana wucewa, ba wanda ya waiwaye shi. Wata rana wani aibi ya fito daga wajen masu amfani, a daidai wannan aikin. Na ce ai muna da gwaji. Na buɗe ginannen fayil ɗin da objdump, mai nuna umarnin injin da ke ciki, na gangara zuwa `main`, ga abin da na tarar: `xor %eax,%eax`, sai `ret`. Layi biyu ke nan. Jerin ƙanana ne, lambobin cikinsu a rubuce suke a fili, kamfaila ta shigo da aikin cikin `main`, ta warware madaukan, ta yi lissafin tun lokacin gini, ta ga ba za a taɓa kiran `abort` ba, ta share komai. Ainihin aikin yana nan a gefe da bektarsa, rahoto yana cewa an ɗaure, amma ba mai kiransa. Na daɗe ina kallon allon, shayina ya huce. Tun ranar, gwajin da ban leƙa abin da ya zama a harshen inji ba, ban yarda da shi ba. `noinline` kaɗai ba ta isa ba, don kamfaila na iya yin kwafin aikin ta cusa masa lambobin. Shi ya sa aka kawo `noipa` a GCC 8.

Danginsa suna da yawa. Madaukin da ke zuba sifiri ko kwafe jeri, wani mataki da ke gudana kafin mai ɗaurin bekta na iya mayar da shi `memset` ko `memcpy`, shi ya sa vect.exp, fayil ɗin da ke tsara yadda ake gudanar da gwajin, ke sa `-fno-tree-loop-distribute-patterns`. In kun rubuta naku fayil ɗin exp, ka duba ko kun ɗauko wannan. Sai `check_vect` da ke tree-vect.h: in injin da ake gudu a kai ba shi da umarnin da ake bukata, fita take yi da sifiri, DejaGnu ya rubuta PASS. Kana iya gina da AVX-512 a kan kwamfutar da ba ta da shi, komai ya yi kyau, alhali ko umarni ɗaya bai gudu ba.

Wanda ya fi cin mutane shi ne girman N. Tsofaffin gwaje-gwaje an rubuta su zamanin umarnin bekta masu bit 128 na SSE da AltiVec da NEON, inda `int` huɗu ke cika rajista, N na 16 kuwa zagaye huɗu ne lafiyayyu. A AVX-512 `char` 64 ke shiga rajista ɗaya, jeri mai 32 ko zagaye ɗaya bai cika ba. SVE na Arm yana tafiya daga bit 128 har 2048, wato bayit 256, kuma ba a sanin faɗin sai lokacin gudu. Shi ya sa tree-vect.h ke da `VECTOR_BITS`, don N ya bi faɗin. Ko a hakan, N ɗaya ba ta wadatar. Madaukin da aka ɗaure ba hanya ɗaya ba ce, unguwa ce mai lunguna: akwai ɓare 'yan zagayen farko don daidaita adireshi, akwai babban jiki, akwai wutsiya, akwai binciken lokacin gudu da ke cewa in zagayen ba su da yawa a bi tsohuwar hanya, akwai wani da ke duba ko jeri biyu sun hau juna. A nawa gogewar, aibi ya fi son wutsiya da mahaɗar lungunan, babban jiki ba kasafai yake ba da kunya ba. Don haka ka miƙa wa aikin n daga waje, ka zaga daga 0 har ka wuce ninki biyu na mafi faɗin bekta, ka gusar da farkon jeri da gurbi ɗaya-ɗaya, ka kira shi da jeri a rabe sannan da jeri a haye. Ka ajiye lambar shaida kafin jeri da bayansa, ka duba ba a taɓa ta ba. Kada kuma ka cika jeri da lamba iri ɗaya. Bakwai-bakwai ko an juya su bakwai ne.

Tunda fita da wuri ce ta kawo ka, akwai gwaji ɗaya da ya wajaba. Madaukin da ke neman wata lamba yana tsayawa da ya same ta, amma bekta tana ɗibar gurabe da yawa a tare, tana iya karanta abin da ke gaba da inda ya kamata a tsaya. In wannan gaban ya faɗa shafin ƙwaƙwalwar da ba na shirin ba, shiri ya mutu. Ka nemi shafi biyu da `mmap`, ka rufe na biyu da `mprotect` da `PROT_NONE`, ka jera bayanan su ƙare cif a bakin na farko, abin nema a gurbin ƙarshe. Girman shafi ka tambayi tsarin, kada ka ɗauka 4096 ne ko'ina, a Arm akwai masu 16K da 64K. Babu layin rahoto da zai nuna maka wannan.

Akwai kuma gwajin "kada a ɗaure". A nan mutane ke haɗa abu biyu da ba su haɗu ba: abin da kamfaila ba ta iya ba tukuna, da abin da bai halatta ba. Na farko wurinsa `xfail`. Ka rubuta abin da kake fata, ka ce ana sa ran faɗuwa, ranar da aka koya mata sai ya fito XPASS, ka cire alamar da murna. In ka rubuta shi a matsayin "ba a ɗaure ba", ka mayar da gazawa doka, wani ya zo da ingantawa ya tsaya yana shakkar ko shi ne ya yi ɓarna. Na biyun ma ka yi hattara, domin abin da bai halatta ba shi ne amsa ta canza, ba ɗaurin kansa ba. Dubi tara lambobin `float`. An daɗe ana cewa ba a ɗaure shi sai da `-ffast-math`, saboda sauya jerin tarawa na sauya amsa. Ɗauki 16777216 da 1 guda bakwai a bayanta. In aka tara bi da bi, kowace 1 ɓacewa take yi, don `float` ba ta iya riƙe 16777217, amsa ta tsaya 16777216. In aka raba gurbi huɗu, ukun baya kowanne ya tara 2, amsa ta fito 16777222. Amma tun GCC 8 ana iya ɗaure irin wannan madauki a kiyaye jerin tarawa, SVE ma yana da umarnin FADDA musamman don haka. Gwajin da ya ce "kada a ɗaure" ya faɗi a banza. Wanda ya ce "amsa 16777216 ce" yana nan daram, kuma shi ne zai kama ɓarnar in ta zo. Gwajin rashi yana da wani ciwon kuma: in aka sauya lafazin saƙon, kalmar da yake gudu ba za ta sake fitowa ba, ya yi ta wucewa har abada. Ka haɗa shi da gwajin samu a fayil guda, mai neman wannan kalmar a wani aikin, don in lafazi ya sauya ɗaya ya yi ihu.

Kada ka cakuɗa tambayar iyawa da tambayar riba. vect.exp na kashe lissafin riba da `-fno-vect-cost-model`, don gwajin ya tsaya kan "za ta iya, kuma daidai?" Gwajin riba yana da nasa gida a gcc.dg/vect/costmodel, kowane inji da ɗakinsa. Haka abin da inji ke iyawa, ka faɗe shi da `dg-require-effective-target` irin su `vect_int`, ba da lissafa sunayen injuna ba.

In kuna taɓa LLVM, gidan da Clang ya fito, ciwon ɗaya ne da wata riga. Can lit da FileCheck ake amfani da su, yawancin gwajin Transforms/LoopVectorize kuma update_test_checks.py ne ke rubuta layukan dubawarsu, ya kwafe abin da ya fito kusan gaba ɗaya. Amfaninsa, ba abin da zai motsa ba a gani ba. Illarsa, ƙaramin gyara a VPlan, tsarin da mai ɗaurin bektarsu ke aiki da shi, na iya girgiza layuka dubbai, mai bita ya gaji ya ce ya gani. Sake gudanar da rubutun nan shi ne sed ɗinka da babbar riga. Al'adarsu da nake so ita ce a fara shigar da gwaji da halin da ake ciki, sannan gyara ya biyo, bambancin da ya fito shi ne ainihin abin da gyaran ya yi. Suna kuma ƙulle faɗi da `-force-vector-width` da `-force-vector-interleave` don lissafin riba ya fita daga maganar. Ka tuna dai FileCheck ba ya gudanar da komai, siffa yake dubawa, ba amsa ba.

Gwajin hannu yana kama abin da marubucinsa ya hango ne kawai. Don sauran, ka bar inji ya ƙirƙiro shirye-shirye, a gina da `-O0` da `-O3`, a gwama amsa. Csmith na Jami'ar Utah ya kama aibi sama da 300 ta wannan hanya, YARPGen da aka fara a Intel kuma an sake masa gini don ya matsa wa madaukai. In an sami saɓani, fara da `-fsanitize=undefined` ka tabbatar ba shirin ne mai laifi ba, ka rage shi da C-Vise, mai datse shiri har ya zama ƙarami, `-fdbg-cnt=vect_loop` kuma zai taimaka ka gano wane madauki ne.

Batun inji kada ya tsayar da kai. Ba kowa ke da injin SVE irin A64FX na babbar kwamfutar Fugaku mai bit 512 ko Graviton3 mai 256 ba. Manhajar QEMU na kwaikwayon SVE da RVV, wato umarnin bekta na RISC-V, kuma yana bari ka zaɓi faɗin, sai ka gudanar da fayil ɗaya da aka gina a faɗi uku ko huɗu. Yana da nauyi, amma amsa kake nema ba gudu ba. In aikinku na manhaja ce mai 'yanci, gonar injuna ta cfarm na ba da shiga kyauta. A x86, `RUNTESTFLAGS` da `--target_board` za su ba ka zagaye da `-mavx2` da wanda babu. Ka ajiye fayil ɗin sum, mai jerin sakamakon gwaji, na kafin sabuntawa, ka gwama da contrib/compare_tests, kuma kada idonka ya tsaya kan sababbin FAIL: wanda ya tashi daga PASS ya koma UNSUPPORTED, ko ya ɓace daga jerin, shi ma rashi ne.

Bayan ka gama ɗora `novector`, ga aikin yini ɗaya da zan so ka yi. Ɗauki gwaje-gwajenku masu gudu, a kowanne ka ɓata madaukin da ake gwadawa da gangan: `+` ta koma `-`, ko `i < n` ta koma `i < n - 1`. Gudanar. Duk wanda bai faɗi ba, ware shi gefe ka buɗe shi da objdump. Tunda kamfailar a hannunku take, ka ƙara mataki: shiga inda ake lissafa zagayen wutsiya a cikin mai ɗaurin bekta, ka rage ɗaya, ka sake gini, ka ƙirga gwaji nawa suka lura. In lambar ta fito, ka aiko min da ita tare da fayil ɗin exp ɗinku, mu duba tare.